Cokalin Gini a Hidimar Ubangiji: Shaidar Wani Birkila

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni birkila ne, mahaifina ma da gini ya ciyar da mu, kuma tun ban kai tsawon cebur ba nake bin sa wurin aiki ina miƙa masa bulo da ruwa. An haife ni a gidan masu bi, an yi mini baftisma ina saurayi, ban kuma taɓa yin nisa da majami'a ba, amma na daɗe ina ɗauke da wani nauyi a zuciya wanda ban iya faɗa wa kowa ba. Ina da in'ina tun ina yaro, irin wadda takan riƙe mini harshe da zarar idanun jama'a sun dawo kaina, saboda haka ban shiga ƙungiyar mawaƙa ba, ban koyar a makarantar Lahadi ba, ko addu'ar rufe taro aka nemi in yi sai gumi ya keto mini. Sa'o'ina sun zama masu wa'azi da shugabannin zumunta, ni kuwa ina kujerar baya, in ba da baikona in koma gida, ina ganin hidimar Allah ta masu baki ce, aikin siminti kuma neman abinci ne kawai.

Al'amarin ya sauya a shekarar da wani mai bishara da ikkilisiyarmu take tallafa wa a wani ƙauye mai nisa ya zo ba da rahoto. Ya shaida mana cewa rumfar da suke sujada a cikinta, wadda kuma yara suke karatu a ƙarƙashinta a ranakun mako, ta faɗi a ruwan ƙarshen damina, kuma tun daga lokacin a gindin bishiya suke taruwa. Dattawa suka zauna suka yanke shawarar a kafa ƙungiyar masu aikin sa kai, a tara gudummawa, a je a kama musu gini. Ranar da aka yi sanarwar, bayan an tashi sujada, fastonmu, wanda a haife ya haife ni, ya kira ni ofishinsa ya buɗe littafin Fitowa sura 31, inda Allah ya kira Bezalel da sunansa, ya cika shi da Ruhunsa domin aikin ƙarfe da sassaƙar dutse da itace, ya kuma ba shi Oholiyab ya taimake shi. Da ya gama karantawa ya rufe littafin ya ce, "Ɗana, ka lura ba a ce mutumin nan ya taɓa hawa bagade ya yi wa'azi ba. Tafiyar nan ba za ta yiwu ba in babu kai." Na ce, "To, Baba," domin abin da harshena ya iya fitarwa ke nan a lokacin, na koma gida na wanke cokalina na gini, na nemo igiya da tef.

Ƙungiyar da ta taru ta ƙunshi malaman makaranta, ma'aikatan jinya, ɗalibai masu hutu, direbobi, tela, da iyayenmu na zumuntar mata. A cikinsu duka, ni da wani kafinta kaɗai muka san abin da ake nufi da gini. Kowa ya zo da zuciya ɗaya, amma kowa hutunsa gajere ne, kuma tsarin da aka rubuta a takarda shi ne a haƙa tushe, a zuba kankare, a ta da bango, a rufa, a keɓe ɗakin da addu'a, duk kafin motar ta juyo da mu.

Mutumin da ya fara girgiza wannan tsari wani dattijo ne magini a ƙauyen, wanda da hannunsa aka gina yawancin ɗakunan da muka tarar. Mutanenmu sun riga sun zaɓi wani fili shimfiɗaɗɗe a bakin hanya, domin duk mai wucewa ya ga majami'ar. Dattijon ya saurara har aka gama, sa'an nan ya kama hannuna ya zaga da ni, ya nuna mini baƙar ƙasa da ta tsattsage har mutum yana iya zura yatsunsa a ciki, ya nuna mini alamar da ruwa ya bari a jikin itatuwan wurin. Irin wannan ƙasa takan kumbura in ta sha ruwa, ta kuma tsuke da rani, kuma duk ginin da aka ɗora mata ba tare da shiri na musamman ba sai ta tsaga shi daga tushe har sama. Ya ce, "Ɗana, ku kun ga wurin nan da rani, mu kuwa mun san shi da damina." Na goyi bayansa a gaban shugabannin tafiyar, aka yi ɗan gunaguni, a ƙarshe aka matsa zuwa wani tudu mai tsakuwa a bayan gari, inda ba a hango shi daga hanya. Mai bisharar ya tuna mana cewa Nehemiya ma, da ya isa Urushalima, sai da ya kwana uku, ya fita da dare ya dudduba rusasshen garun, kafin ya buɗe baki ya faɗa wa kowa abin da yake shirin yi.

A kan wannan tudu ne Ubangiji ya yi mini abin da har yau nake gode masa. Muna fitar da kusurwoyin ginin, ɗalibai sun kewaye ni suna kallo. Na kafa turke, na ja igiya biyu, na auna mita 3 a kan ɗaya na sa alama, na auna mita 4 a kan ɗayar na sa alama, na yi ta matsa igiyar har tazarar da ke tsakanin alamomin biyu ta zama mita 5 cif. Da an sami haka, kusurwa ta tsaya daidai. Bayan an kafa kusurwoyi huɗu sai a auna daga kusurwa zuwa wadda take fuskantarta a gicciye, sau biyu, kuma dole awon biyu su zo ɗaya, in ba haka ba ɗakin ya karkace ke nan, kafinta kuwa shi zai sha wahalar a ranar rufi. Daga nan na ɗauko doguwar tiyo mai haske na cika ta da ruwa, na fitar da kumfar iska, na riƙe baki ɗaya a jikin turke, wani yaro ya riƙe ɗayan a can nesa, domin ruwa a cikin tiyo yakan tsaya a tsayi ɗaya a bakunan biyu komai tudu da kwarin ƙasar da ke tsakani. Malamin lissafin da ke cikinmu ya yi dariya ya ce ƙa'idar da yake shan fama ya koyar a allo ita ce ga ta a kan igiya. Sai da muka tashi matar wani dattijonmu ta ce mini, "Ka san ka yi kusan awa guda kana yi wa yaran nan bayani, kuma ba ka sarƙe ko sau ɗaya ba?" Ban lura ba sam. In'inata tana nan har gobe in an ce in tsaya a gaban taro, amma da igiya ko cokali a hannuna, harshena yakan saku.

Babbar gardamar ta taso a kan siminti. Da farko mun gwada yashin da aka tara, ta hanyar zuba shi a kwalba da ruwa a girgiza a ajiye, yashin ya kwanta a ƙasa, laka ta taru a samansa, kuma da muka ga lakar ta yi kauri sai muka sauya wurin ɗiba, domin yashi mai laka yana hana siminti kamawa. Kankaren tushe mun kwaɓa shi da awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, ina tsaye a kan masu zuba ruwa, saboda wanda bai saba ba yana son kwaɓi ya yi ruwa-ruwa don ya yi sauƙin juyawa, alhali yawan ruwa a kwaɓi shi ne yake raunana kankare. Amma da zarar an zuba ya kama, sai lamarin ya juya, ya zama ruwa yake nema. Mutane da yawa suna tsammani siminti bushewa yake yi ya yi ƙarfi, gaskiyar kuwa ita ce haɗuwarsa da ruwa ce take ƙarfafa shi a hankali, kuma in rana ta shanye ruwan da wuri, ƙarfin ya tsaya ke nan a inda ya kai. Aƙalla kwana 7 ake so a bar shi da danshi, a lokacin ya kai wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, injiniyoyi kuwa a kwana na 28 suke auna cikakken ƙarfin da aka tsara masa. Bulon da aka buga ma haka ne, yana bukatar ban ruwa da kwanaki kafin a ɗora masa nauyi. Mu kuwa ba mu da waɗannan kwanaki, kuma matasanmu sun ƙagu su ga bango ya tashi.

Da dare aka kira zama da dattawan ƙauyen. Ma'ajin ƙungiyarmu, mutumin kirki mai tsoron Allah, ya faɗi damuwarsa a fili, cewa mutanen da suka ba da gudummawa suna jiran ganin hoton ginin da aka gama, kuma in muka koma da hoton rami da kankare, zai yi wuya a sake tara kuɗi. Ban ga laifinsa ba, domin shi ne zai tsaya a gaban ikkilisiya ya ba da lissafi. Na yi iyakar ƙoƙarina na bayyana cewa bangon da aka ɗora a kan ɗanyen tushe da ɗanyen bulo zai yi kyau a hoto, amma ba zan iya sa yara su zauna a ƙarƙashinsa da kwanciyar rai ba. Dattijon nan magini ya ce, "Baƙo raɓa ne. Ku yi abin da kwanakinku za su ɗauka, ku bar mana sauran, ai ba mu mutu ba." Sai wata gwauruwa da ke shugabantar matan ikkilisiyar ta ce ita ta ɗauki ban ruwa, safe da yamma, ita da 'ya'yanta na zumunta, ko da yake rafin da suke ɗibar ruwa yana da nisa. Na nuna mata yadda za a lulluɓe kankaren da tsofaffin buhuna da ciyawa don danshi ya daɗe, na ce, "Mama, aikin nan da wuya." Ta ce, "Ɗana, ɗakin Ubanmu ne, kuma jikokina ne za su yi karatu a ciki."

Da muka dawo bayan wasu watanni, mun tarar da tushen ya yi ƙarfi ba tsaga ko ɗaya, an jera bulo a inuwa, wanda in ka ƙwanƙwasa shi da cokali sai ya amsa da ƙara mai kaifi, alamar ya sha ruwa yadda ya kamata. Sun kuma tara dutse da yashi fiye da abin da muka roƙa. Tun daga wannan aiki muka bar ɗaukar alkawarin gama gini a tafiya ɗaya. Mukan raba shi mataki-mataki, tushe daban, bango zuwa linta daban, rufi daban, filasta da daɓe daga baya, kuma abin da ke tsakanin matakan yana hannun masu wurin. Ba ma kuma haƙa tushe sai an zauna an ƙididdige kuɗin aikin har zuwa rufi, kamar yadda Ubangiji ya faɗa a Luka 14 game da mai son gina hasumiya, domin bangon da aka bari a buɗe damina bayan damina lalacewa yake yi, ya kuma zama abin ba'a ga sunan da muke ɗauke da shi. Ma'ajinmu ya koyi nuna wa ikkilisiya hoton matan da ke ban ruwa, kuma gudummawar ba ta ragu ba.

Abin da ya ƙara tabbatar mini da wannan hanya shi ne wani aikin gyara da aka kira mu a wani ƙauye dabam. Wata ƙungiyar baƙi, waɗanda ban yi shakkar kyakkyawar niyyarsu ba, ta gina musu aji biyu cikin 'yan kwanaki ta tafi, sai iskar farkon damina ta kwashe rufin gaba ɗaya ta jefar da shi a gona. Allah ya sa da dare abin ya faru, babu yaro ko ɗaya a ciki. Da na hau tsani na duba, sai na ga an ɗora katakan rufin a kan bango ne kawai an kafa musu ƙusa, babu wani ƙarfe da ya ɗaure su da ginin. Iska mai ƙarfi in ta bi ta kan rufi ɗaga shi take yi sama, musamman a kusurwoyi da bakin kwano, shi ya sa ake binne rodi a cikin kankaren da ya zagaye saman bango tun yana ɗanye, a lanƙwasa shi a kan kowane rafta, wato katakon da ke ɗauke da rufi. Katakon ma ba a shafa masa maganin gara ba, an kuma kafa wasu ƙusoshin a kwarin kwano inda ruwa yake bi, maimakon a kan tudunsa. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne mutanen ƙauyen ba su taɓa komai ba har muka zo, suna jiran masu ginin su dawo, domin a ganinsu ajin na baƙi ne. A Kubawar Shari'a 22:8 an umarci wanda ya gina sabon gida ya yi wa rufinsa katanga, don kada alhakin jinin wanda ya faɗo ya hau gidansa. Ni a fahimtata, aikin kyauta bai ɗauke wa magini wannan alhaki ba.

Akwai kuma wata matsala da ni, a matsayina na mai cin abinci da gini, na fi sauran ganinta da wuri. Duk bangon da muka ɗora kyauta, aiki ne da wani birkila ko kafinta na yankin zai iya yi a biya shi ya ciyar da iyalinsa. In motar masu sa kai ta zo ta yi komai, ta tafi, an taimaki ikkilisiya amma an ƙwace wa mai sana'a aikinsa, kuma an bar gini da babu wanda ya san sirrinsa a kusa. Saboda haka muka sa a cikin kasafin kowane aiki a ɗauki masu sana'a na wurin, Kirista ne ko ba Kirista ba, a yi ciniki da su a fili, a kuma biya su a kan lokaci, domin Littafin Firistoci 19:13 ya hana hakkin ɗan ƙodago ya kwana a hannun wanda ya sa shi aiki. Masu sa kai su ne leburori a ƙarƙashinsu, su ɗauki kwanon sarki, su tura baro, su miƙa bulo. Na ga shugaban makaranta da furfurarsa yana karɓar umarni daga saurayin birkila wanda bai gama firamare ba, kuma ina ganin wannan ya fi wa'azi da yawa shiga zuciyar mutanen da ke kallo. Kayan aikin da muka ara mukan rubuta su mu mayar da su ɗaya bayan ɗaya, wanda ya karye a saya sabo. Kafintanmu yakan tsokane mu da labarin almajirin Elisha a 2 Sarakuna sura 6, wanda ruwan gatarinsa ya faɗa Kogin Urdun suna saran itacen gini, abin da ya fara fita daga bakinsa kuwa shi ne gatarin na aro ne. Lissafin kuɗi da na buhunan siminti kuma akan karanta shi a gaban ikkilisiyoyin biyu, tamu da tasu.

Batun abin da masu wuri za su kawo ya jawo muhawara a tsakaninmu, domin wasu suna ganin rashin tausayi ne a nemi wani abu daga hannun matalauta. Wata malama a cikinmu, mai yawan karance-karance, ta ba mu labarin ƙungiyar Habitat for Humanity, wadda Millard Fuller da matarsa Linda suka kafa a shekarar 1976 a garin Americus na jihar Jojiya a Amurka, bayan sun gwada tsarin a Mbandaka ta ƙasar Zayar, wadda yanzu ake kira Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. A tsarinsu, iyalin da za a gina wa gida sai sun zuba guminsu na sa'o'i masu yawa a ginin, su kuma biya kuɗin gidan a hankali ba tare da an ci riba a kansu ba, abin da suka biya ya koma gina wa wasu. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter da matarsa Rosalynn sun shiga aikin a 1984 da guduma a hannu, suka ci gaba har tsufa. Mu ba gidajen mutane muke ginawa ba, ba ma kuma ba da bashi, amma mun ɗauki darasin. Fili, da takardar da ta nuna an mallaka shi ba gardama, da yashi da dutse da ruwa da ƙarfin hannu, daga ƙauye suke fitowa, mu kuma mu kawo siminti da rodi da kwano da ƙusa. Garun Urushalima da aka gama cikin kwana 52, in ka karanta Nehemiya sura 3, za ka ga maƙeran zinariya da masu haɗa turare da 'ya'yan Shallum mata a cikin masu aikin, kuma da yawa sun gyara sashen da ke daura da gidajensu ne.

A farkon shekarunmu mun ɗauka kowane ƙauye majami'a yake bukata. Da muka fara tambaya kafin mu zana komai, amsoshin suka bambanta. Wani wuri ɗakin kwanan mai bishara suka roƙa, domin malamai suna zuwa suna guduwa saboda rashin wurin ajiye iyali. Wani wuri ɗakin haihuwa, wani kuma bayan gida na makaranta, saboda 'yan mata suna daina zuwa aji in sun fara girma. Irin wannan aiki yana da nasa ƙa'idojin, misali ramin bayan gida ana so ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya, ya kuma kasance a gangare da ita. Mun kuma koyi kada mu yi rufin kwano mu bar ruwansa ya zube a banza, domin ruwan sama na milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne, wato rufi mai murabba'in mita 100 zai iya tara kusan lita 1,000 a ruwan milimita 10 kaɗai, in an sa indararo da tanki. Tankin da aji da ɗakin haihuwa na kowa ne a gari, ba ma kuma gindaya wa kowa sharaɗin shiga majami'a kafin ya amfana. Maƙwabta da ba sa bin bangaskiyarmu sun sha kawo mana dutse a amalanke, sun ba mu aron tsani, mun kuma karɓa da godiya.

Dole in faɗi wani abu da ba kowa yake son ji ba. Ba kowace tafiya ce ta cancanci kuɗin motarta ba. Akwai lokacin da abin da za a kashe wajen kai mutane masu yawa da ba su iya aikin ba zai isa ya rufa ginin, kuma a irin wannan hali nakan ba da shawara a tura kayan da masu sana'a biyu ko uku, sauran su tsaya a gida su yi addu'a. Duk da haka ba zan ce zuwan jama'a banza ne ba, domin na ga abin da yake yi wa 'yar ƙaramar ikkilisiya da take ganin an manta da ita, in 'yan'uwa suka zo suka kwana a inda suke kwana, suka yi sujadar asuba tare da su.

A gida ma aikin ya ci nasa rabon. Birkila in bai fita ba, babu abin da zai shigo, kuma akwai shekarar da na rasa wani babban aiki saboda mai ginin bai iya jiran dawowata ba, ga kuɗin makarantar yara ya taso. Na kwana ina juyi, matata ce ta ƙarfafa ni, ta ce tun da ba yawo na tafi ba, wanda na tafi domin sa ba zai bar mu mu kunyata ba. Ba zan ce kuɗi ya faɗo daga sama ba. Mun tsuke bakin aljihu, ta ƙara ƙwazo a sana'arta, makarantar ta yi mana haƙuri, daga baya kuma wani cikin malaman da muka yi aiki tare ya haɗa ni da aikin da ya riƙe mu har ƙarshen shekara. Hannuwana sun sha ƙunar siminti, wanda yake cin fata in ya daɗe a jiki, shi ya sa yanzu ba na barin ɗalibi ya taɓa kwaɓi babu safar hannu da takalmin roba, ba na kuma barin wanda bai saba ba ya hau rufi komai roƙonsa.

Yanzu gwiwoyina sun fara ƙin tsani, kuma yawancin aikina ya koma koyarwa. A kowane ƙauye nakan roƙi dattawa su ba ni matasa biyu ko uku da za su tsaya kusa da ni daga awon farko har ƙusar ƙarshe, in muka tashi kuma akan bar musu cokali da tef da igiya da tiyo. Yaron nan da ya riƙe mini bakin tiyo a kan tudu, jikan dattijon magini ne, kuma yau shi ne yake jagorantar aikin gini a ƙauyukan da ke kewaye da su, da tubali da bulo duka, har ya fi ni iya yi wa mutane bayani. Kakansa ya riga mu gidan gaskiya, amma ya ga an rufa ɗakin kafin ya tafi. Da na ba fastonmu, wanda yanzu ya yi ritaya, labarin yaron, sai ya ce in koma Fitowa 35:34, inda aka ce Allah ya sa wa Bezalel da Oholiyab baiwar koya wa wasu.

A halin yanzu muna da aji uku a wani ƙauye da suka kai linta, an binne rodin ɗaure rufi, mutanen wurin suna ban ruwa, kuma muna so a rufa kafin ruwa ya sauka. Muna neman kafintoci da mai walda da za su iya ba da ko da 'yan kwanaki ne. Ina roƙonku ku riƙa tunawa da mu a addu'a, domin kiyayewar Allah a hanya da kan tsani, domin matan da ke ɗaukar ruwa daga nesa, da kuma matasan da suke koyon sana'ar, Allah ya ba su haƙuri da amana.